Baba, Muna da Dutse?

A duk shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad, akwai wata Juma'a da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

Lokacin kullum ni nake kai wata ma'aikaciyar jinya asibiti, 'yar ƙabilar Maori daga tsibiran Polinesiya. Rannan ta ce in zo gidanta da iyalina, za a nuna fim da harshensu. Ina ni ina fim? Amma baiwar Allah ba ta taɓa ɓata min ba, sai na ɗauki 'yata mai shekara goma sha huɗu muka tafi bayan la'asar.

Kafin a kunna, ma'aikaciyar ta ba mu labari. Kakarta ta sha bulala a makaranta don ta yi yarensu, har ta ƙi koya wa 'ya'yanta. Ita ma'aikaciyar kanta sai da ta kai arba'in ta koya, a wajen matasansu masu rubuta waƙa da wasan kwaikwayo. Fim ɗin ko kalma ban ji ba, amma da wata tsohuwa ta ɗauki waƙa a bakin teku, sai na tuna matan unguwarmu suna daka. Wallahi kewar gida ta kama ni.

Da aka gama sai al'adarsu: kowa ya miƙe ya faɗi dutsen garinsu da koginsu da kakanninsa, kafin sunansa. Aka zo kan 'yata. Ta miƙe, ta juyo ta tambaye ni da Larabci, "Baba, muna da dutse?"

Ni da na tashi a gindin dutsen Kwatarkwashi, ina kiwon awaki a jikinsa. Na raɗa mata sunan, ta gwada sau uku harshenta ya ƙi. Aka tafa mata don kara, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ina ta fama da iƙama, takardar izinin zama, da kafili, ubangidan da ya tsaya min, ina baza haƙora wai Larabcinta ya fi na 'yan ƙasa, ban taɓa zaunar da ita na ce ga inda muka fito ba.

A mota, kan hanyar unguwar Suwaidi, ta ce, "Yana da tsawo, Baba?" Na fara ba ta labari da Hausa, rabi tana ganewa, rabi ina fassarawa.

Mun ci gaba da hakan, amma na makara. Bara innata ta rasu, kuma duk wayar da suka taɓa yi da jikarta ba ta wuce gaisuwa ba. A nan na gane yaro ba ya gadon gida ta jini kaɗai. Abin da ba ka faɗa masa ba, ba shi da shi.