Irin shinkafar da ya kwana a bayan kwado

Shekara ashirin da biyu Malam Dhaniram Mahato ya yi yana koyar da ilimin tsirrai a kwalejinmu, kuma duk tsawon shekarun nan sunansa bai fita daga jerin malaman wucin gadi ba. Wucin gadi fa, har furfura ta cinye masa kai. In ka shiga aji a ba ka rupi ɗari uku da sittin, in hutu ya zo ko ciwo ya kwantar da kai, sai ka ci iska. Ni Sabitra Regmi, mai koyar da lissafi, shekarata tara ina shan wannan ukubar tare da shi, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami.

Gajere ne, kullum a kan tsohon kekensa, ƙafar wando a naɗe. Ɗalibai suna ce masa Malam Taɓo, ya sani, bai damu ba. Abin da ya dame shi shinkafa ce. Ran hutu sai ya bi ƙauyuka yana zama da tsofaffin mata, su kwance bakin zane su ɗibar masa irin da suka gada. Har ya tara iri sittin da uku: akwai ja, akwai baƙa, akwai mai ƙamshi, akwai wadda in ruwa ya hau ita ma sai ta yi tsawo ta bi shi. Zafinmu da danshinmu ba sa barin irin shinkafa ya wuce shekara da rai, don haka kowace damina yakan yafa rabi a ƙananan fangalai a bayan ɗakin gwaje-gwaje, rabi kuma ya ajiye a kwalabe da toka da ganyen darbejiya, a ƙasan kabad.

Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, da buhu guda ka noma ai da matarka Phulmati ta huta da cefane."

Sai ya yi murmushi. "Ba tawa ba ce, ƙanwata. Ajiya ce."

A farkon watan Asar na shekarar nan, wato farkon damina a kalandarmu, ƙungiyarmu ta malaman wucin gadi ta tsai da shawarar yajin aiki. Buƙatarmu guda ce, a mai da mu malaman dindindin. Kamar yadda aka saba, an garƙame ƙofar kwaleji da kwado, an naɗe makullin a ƙyalle, an ɗiga masa kakin zuma, kowa ya sa hannu a takardar da aka liƙa, sannan aka rataya shi a wuyan wanda ya fi kowa daɗewa. Malam Dhaniram ke nan. Kwanansa goma da yafa iri.

Khemraj, shugaban ƙungiya, ya dafa kafaɗarsa. "Kwana uku ne, Malam. Ba za su iya jure fin haka ba."

Suka jure. Kullum muna zaune a kan tabarmi a bakin ƙofa, muna shan shayin mai rumfar tsallake, ma'aikatar ilimi ko a jikinta. Ran kwana na goma sha biyar Malam Dhaniram ya miƙe a taro, yana murza hular hannunsa. Ya ce tsiron ya isa dashe, in an bar shi a cunkushe zai lalace. A ba shi yini biyu kawai, shi kaɗai, ba zai taɓa alli ba.

Khemraj ya ce shugaban kwaleji hoto ɗaya yake nema na ƙofa a buɗe, ya aika babban birni Kathmandu ya ce yaji ya karye. Wasu suka fara sassautowa duk da haka. A nan ne na buɗe bakin nan nawa. A safiyar ranar an koro 'yata daga makaranta don ban biya kuɗi ba, raina a ɓace yake.

Na ce, "Haba Yaya. Mu muna maganar abin da yaranmu za su ci, kai kana kawo mana maganar ciyawa?"

Aka yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena, kuma ina jin kunyarta. Aka ce masu son ƙofa ta zauna a rufe su ɗaga hannu. Duk muka ɗaga. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan shi ma ya ɗaga nasa.

Daga ranar bai sake tada zancen ba. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Yakan zauna daf da ƙarfen ƙofa yana kallon ciki, alhali ginin ya tare fangalan, ba abin da yake gani. Phulmati ta zo wata rana da abincin rana, ta dire masa kwanon a gaba.

"Makulli a wuyanka kamar akuya da ƙararrawa, ba barci, ba cin abinci. Ko ka buɗe ko ka mayar musu da kayansu."

Ya wanke hannu ya ci loma uku.

Da watan Saun, mai bin Asar, ya kama, sama ta ɓalle, kwana shida ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya cika ya shigo gari, muna gani ruwa na kwarara ta ƙarƙashin ƙofa. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na matsa kusa da shi ƙarƙashin laima, na rage murya.

"Yaya, katangar baya ta zube ta gefen rijiya. Ka shiga ka ɗauko kwalaben. Ni zan tsaya maka, ba wanda zai ji."

Ya daɗe yana kallon ruwan. "Masu iri amana suka ba ni. Ku ma amana kuka ba ni. Gaya mini wadda zan ci."

Na ce, "Ka ci tamu. Mu muka jawo."

"In na shiga ta baya, gobe Khemraj ya tambaye ni, me zan ce? Ni na ɗaga hannu, Sabitra, ba a ɗaga mini ba."

Na yi masa faɗa, na kira shi mai taurin kai, har na yi kuka. Bai motsa ba.

Ran kwana na saba'in da ɗaya aka sa hannu a yarjejeniya. Za a ɗauki malaman wucin gadi aikin dindindin, amma waɗanda ba su haura shekara arba'in da biyar ba. Ni ina da talatin da takwas. Shi hamsin da bakwai. Aka shafa wa juna jan gari a goshi, aka rataya wa Khemraj furanni, Malam Dhaniram ya fasa kakin da hannunsa ya buɗe kwadon.

Na bi shi baya. Fangalan sun zama kwata, ciyawa har gwiwa, 'yan allunan da ya rubuta sunayen iri suna kwance a taɓo. A ɗakin gwaje-gwaje ruwa ya bar zane a bango, ya kai ƙugu. Kwalaben sun kife, wasu sun fashe, irin ya tsira a ciki ya ruɓe, wari kamar na tsohuwar gasara. Ya tsuguna yana tsintar allunan ɗaya-ɗaya, yana goge su da gefen rigarsa.

Bayan damina ya sake bin ƙauyukan a kan keke. Tsofaffin da yawa sun rasu, 'ya'yansu kuma irin kanti suke shukawa. Iri tara ya samo.

Wata safiya ina fitowa daga aji na ga wata tsohuwa a bakin ɗakin gwaje-gwaje, ba takalmi, jikinta duk ƙura. Budhani sunanta, daga wani ƙauye a tsallaken kogi. Ta ce ambaliya ta tafi da rumbunta, har da irin shinkafa mai ƙamshi da uwarta ta zo da shi gidan aure. Amma hankalinta a kwance yake, don shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta ba Malam ajiya.

Da ta hango shi sai ta washe baki, ta kwance bakin zanenta ta shimfiɗa a tafin hannu. "Ɗana, ba da yawa nake so ba. Cikin hannu ɗaya ya ishe ni."

Ina tsaye, ina so in ce ni ce, ni na ce ciyawa, amma bakin nan da ba ya shiru ya ƙi buɗuwa.

Malam Dhaniram ya cire hularsa. "Inna, babu."

Ta dube shi, ta leƙa cikin ɗakin, ta ga kabad a buɗe wayam. Ba ta tambayi dalili ba. Ta mai da bakin zanen ta ƙulle shi tam, kamar akwai wani abu a ciki, ta juya ta kama hanyar kogi.