Alayyahun Doña Eufrosina Ya Daina Zuwa Birni

A cikin lambu Doña Eufrosina Tlatelpa ta girma, irin lambunan yankin Xochimilco da ruwa ya kewaye, sai da kwalekwale ake shiga. Tana 'yar shekara tara ubanta ya koya mata kwaso laka daga ƙasan ruwa a yi shuka a kai. Shekara arba'in tana sayar wa dillalai kayan lambunta, su loda a mota zuwa babbar kasuwar birni.

Wata Asabar ta shiga kasuwar unguwa sayen barkono, sai ta hangi ƙullin alayyahu ya yi yaushi a teburin Nemesio mai kayan miya. Tana ɗagawa ta ga ɗaurin ciyawa irin nata, wanda ba mai yin sa sai ita.

"Nemesio, ina ka samo wannan?"

"Babbar kasuwa mana, Doña."

"Kai jama'a! Ranar Laraba na yanke shi, nan bayan gidanka. Ya je birni yawo, ya sha hayaƙi, ya dawo a galabaice!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ita kuwa ko barkonon ba ta saya ba, ta miƙe sai makarantar da ke bakin ruwa, wurin Crescencia mai dafa wa ɗalibai abinci. Kafin inuwa ta juya sun gama magana: daga yanzu kai tsaye za ta riƙa kawo wa makarantar kayan lambu.

Ranar Litinin ta cika kwalekwale da latas, karas da alayyahu, raɓa ba ta ko bushe ba. Da za ta dawo, ta kwaso ɓawo da ragowar ganye na ɗakin girkin don yin taki. Mijinta, Don Melquiades, ya riƙe haɓa.

"Kin tafi da abinci, kin dawo mana da shara?"

"Sharar nan ce za ta ciyar da kai baɗi, tsoho. Kama buhu!"

Ya kama. Cikin shekara biyu manoma goma sha tara suka shigo harkar, makarantu bakwai na karɓa, masu kekuna na jira a bakin gaɓa don kai musu kayan. Nemesio ma yanzu wurinta yake sara.

Ranar da aka saka kwalekwale na biyar a ruwa, an kawo makaɗa, an raba tamale, wato alalar masara, da zafinsa. Doña Eufrosina, da shekarunta sittin da biyu, ta riga kowa faɗawa ciki, ta fizge gorar tuƙi daga hannun mijinta.

"Ku hau mu tafi," in ji ta, "Crescencia ta riga ta ɗora tukunya!"