Kwalin da Bai Jiƙe Ba

Jama'a, a gyara zama, mai hula ya daidaita ta. Yau zan gabatar muku da Sarkin Lagireto, likitan motocin da ba sa iya riƙe fitsari, mutumin da ruwa bai taɓa ɓoye wa hanyarsa ba. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Fadarsa rumfar kwano ce a bayan tasha, gadon mulkinsa wata tsohuwar kujerar mota da sosonta ya leƙo ta gefe. Ni mai shelar nan kuwa, ni ne wanda yake kira Rediyo, wai tun da aka kunna ni ba a gano makashina ba. Makaranta na bar ta a tsakiya, tela ya kore ni, sayar da caja ya gundure ni. Rumfarsa kaɗai nake zuwa ba a ce in tashi ba, sai dai a ce in yi shiru.

Kawu ba ya gaggawa a aiki. In direba ya zo yana kumfar baki, wai motarsa na shan ruwa kamar raƙumi, ko bonet ba ya ɗagawa. Sai ya ce a bar ta ta huce. Ya warware kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashin inji, ya koma ya zauna. In an jima ya jawo ya duba inda ɗigo ya sauka. In can gaba ne, lagireto ya huje. In ya karkata gefe, tiyo ne ya tsage ko ɗaurinsa ya saki. In ya matso ciki, famfon ruwa ya gaji. Daga nan sai dalma da wuta, ko sifana.

Ba abin da ya tsana irin direba mai yawo da jarka a but, yana tsayawa a hanya yana ƙara ruwa. Su da masu fasa ƙwai a lagireto don ya toshe huji. Yakan ce wannan ba gyara ba ne, shirin zubar da mutane ne a daji. Na ji shi ya faɗi haka tun ina sa gajeren wando.

Shi ma yana da mota, tsohuwa ce, fara ce a da. Da ita yake kai matarsa asibiti, wadda muke kira Inna. Bara ciwo ya kwantar da Inna sosai, ƙafafunta suka kumbura, har likitoci suka sallamo ta da tarin magani da irin kallon da kowa ya gane. Ana cikin haka 'yarsu tilo, Auta, ta haihu a garin da take aure, tafiyar rabin yini. Aiki aka yi mata, ba halin ta hau hanya. An turo hoton jaririyar a waya, Inna ta kalla ta mayar min, ta ce waya ba ta da ƙamshin jariri. So take ta ɗauke ta a hannu. Motar haya kuwa ba za ta yiwu ba, don ba ta iya zama, sai kwanciya.

Kawu ya wanke motarsa, ya jera filo a kujerar baya. Inna ta sa aka haɗa mata jaka, a sama ta ɗora 'yar hular da ta saƙa tana kwance. Da safen da za a tashi, Kawu ya buɗe murfin lagireto, kamar yadda ya saba, sai ya ga ruwa ya yi ƙasa. Ya cika, ya kunna ta ta yi zafi, ya kashe, ya shimfiɗa kwali.

Da ya jawo kwalin, a bushe yake ƙayau. Na fara tafi ina cewa a fito da amarya, mota lafiya lau. Kawu bai ko dube ni ba. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, sai ga man ya koma kalar shayi da madara. Ya sake kunnawa, ya zagaya baya, farin hayaƙi na fita daga salansa. A nan ya gaya min cewa busasshen kwali ya fi jiƙaƙƙe muni: in ruwa na raguwa amma ba ya zuba ƙasa, to ta ciki injin ke shanye shi. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan.

Inna na kwance a tabarma a tsakar gida lokacin da ya shiga ya faɗa mata.

Ta ce, "Baban Auta, cika jarka mu tafi. Kowa haka yake yi."

Ya ce, "In ta tsaya da ke a rana fa?"

Ta ce, "Ai kana nan."

Ya ce ta yi haƙuri, gobe ko jibi. Na kawo shawarar a ari mota, don rabin direbobin tasha da gudu za su miƙa masa makulli. Ya ƙi. Duk motocin nan ya san cikinsu, shi ya sa bai yarda da ko ɗaya ba. Kada ku ce girman kai ne. Inna yake ji wa tsoron hanya.

A ƙofar gida ya baje injin. Da ya sauke kan, sai ya ga zafi ya ɗan lanƙwasa shi, dole a kai wa mai injin gogewa, shi kuma ba wuta a layinsu. Gasket ɗin da aka fara kawowa bai hau ba. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Inna na jin ƙarar sifana daga ciki, takan aike ni in tambayi mai martaba ko an gama ɗinkin, wai ita da ta auri mai keke da tuni ta isa. Nakan kai saƙon har da ƙari. Kawu yakan ce in gaya mata saura kaɗan. Jakar na nan kusa da kanta, ba ta bari a ɗauke ba.

Wani hantsi yana ɗaure notunan ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, sai maƙwabciyarsu ta fito daga wurin Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Kawu ya ɗago ya dube ta. Ya ajiye sifana a hankali, ya shiga waige-waige yana neman tsumman goge hannu, alhali yana rataye a kafaɗarsa. Ranar ni ma an sami makashina.

Allah ya jiƙan Inna. Auta ba ta sami zuwa ba, ta waya ta yi kukanta.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Kawu ya fito ya ƙarasa aikin. Ya juye man, ya zuba sabo, ya cika ruwa. Ya ce in shiga gaba. Filon na nan a baya yadda ya jera su, ya ɗora jakar a kai. Muka kama hanya da rana tsaka, muka hau tudu muka gangara, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Ba jarka a but.

A ƙofar gidan Auta ya tsaya. Muna jin kukan jaririya daga ciki, amma bai sauka ba sai da injin ya huce. Sannan ya ɗaga bonet ya buɗe murfin. Ruwa na nan har baki.

Na cire hula, na rusuna, na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Lagireto, ko cokali ba ta sha ba. Wannan aikin sai kai."

Ya mayar da murfin ya murɗa.

Ya ce, "Na gani. Ɗauko jakar."