Kanwa a Miyar Luwiziyana

Ranar da aka ɗauke ni gwaji na ɓata miyar uwar maigida.

Igamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, saura kwana tara ta mutu. Kafilina, wanda igamar ke hannunsa, ya rufe gidan abincinsa na unguwar Jaradiya a Riyad, ya ce in nemi mai karɓata ko in koma Maraɗi. Na sami wani baƙar fatar Amurka mai koyar da Turanci, yana zaune a unguwar Ulaisha. Ya ce uwarsa ta zo daga jiharsu, Luwiziyana, abincin Riyad ya ƙi ta. In ta ci nawa, zai mai da igamar hannunsa.

Ya ajiye mini kubewa, kaza, jatan lande da fulawa, ya ce miyar kubewar garinsu take so. Ban tambayi komai ba. Na goge kubewa na jefa kanwa, ta yi yauƙi yadda ake so. Fulawar ban taɓa ta ba.

Tsohuwa ta ɗaga cokali, zaren miya ya biyo shi har ƙirjinta. Ta ajiye. Ta yi magana da Turanci, ɗan ya juya mini da Larabci.

"Ta ce wa aka yi wa wannan?"

"Ita."

"Ta ce kakanninta bayi ne, rake suka sara. Da kubewa aka kai su can, yauƙin kuwa, ku aka bar wa."

Ban yi dariya ba. Shi ma bai yi ba, makullin mota yake juyawa a hannu.

Ta miƙe da sandarta ta shiga kicin, ta nuna tukunya, ta nuna ni. Mai da fulawa kawai ta zuba, ta miƙo mini muciya. Ɗan ya ce a wurinsu soya fulawa ake yi har ta yi duhu, kubewa kuma a soya ta sai yauƙin ya mutu.

"In baƙin ɗigo ɗaya ya fito, ta ƙone. Ta ce in ta ƙone, ka ɗauki jakarka."

Na fara juyawa. Fulawa ta yi ja. Hancina ya ce ta ƙone, na kai hannu zan sauke. Tsohuwa ta buga mini sanda a ƙwauri.

"Juya, ɗana," in ji ɗan. "Haka ta ce."

Mai ya fallatso mini a hannu, ban saki ba. Tuwon mutum hamsin na saba tuƙawa, amma ban taɓa jin tsoron tukunya ba sai ranar. Da fulawa ta kai kalar gahawar Turkawa, tsohuwa ta watsa albasa ciki, ta koma ta zauna.

Da miya ta nuna, ta ci da shinkafa, rabin kwano. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, gobe in gyara.

Shekarata uku ke nan a gidan, a Ulaisha, igamata a hannunsa.