Buhun da Ya Auna Mana Hanya

Shekarar da Inna ta rasu, Baba ya daina magana. Ba wai ya kurumce ba ne. In ka gaishe shi zai amsa, in ka kai masa abinci zai sa maka albarka. Amma hira, da dariya, da faɗan da yake yi mana in an bar akuya ta shiga rumbu, duk suka ɗauke. Muryarsa ba ta fita sosai sai wajen kiran salla, domin shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Ƙofa tun kafin a haife ni. Daga zaure sai masallaci, daga masallaci sai zaure. Ni da nake gida ɗaya da shi ina kallon mutum yana ƙarewa a zaune, abin kuwa yana ci mini rai ƙwarai.

Abin da matasan yanzu ba su sani ba shi ne, kafin Baba ya zama ladan, ɗan kokawa ne. Tsofaffin garinmu har yau suna ba da labarin yadda yake ɗaga ƙato ya nana da ƙasa. Ya bar fage tun da ya yi aure, amma son abin bai bar shi ba. Don haka na ce a raina, in akwai abin da zai fito da shi daga zauren nan, to kokawa ce.

A kakar shekarar ne masu shirya wasan kokawa na yankinmu suka haɗa kai suka fito da kati. Maimakon mutum ya riƙa biyan kuɗin ƙofa duk ranar wasa, sai ya sayi kati ɗaya ya kai shi har ƙarshen kaka. Katin iri biyu ne. Babban yana shigar da kai ko'ina: Ƙofa, Bebeji, Tiga, Kiru, Tudun Wada, har Doguwa, inda filin yake a gindin dutse, 'yan kallo suna zama a kan gangara suna hango komai, kuma can ne manyan 'yan kokawa suka fi haɗuwa. Ƙaramin kuwa filaye uku za ka zaɓa da kanka, a rubuta maka su a bayansa.

Ina da yaya a Kano, ɗan kasuwa ne, yana da mota, yana kuma da son a ce ya yi. Da na kira shi na gaya masa shawarata, bai bari na kai ƙarshe ba.

"Babban za a saya," in ji shi. "Babanmu da ƙaramin kati? So kake a ce mun gaza? Bari ma in zo ranar buɗe wasa a Doguwa in kai shi ya gani da idonsa, daga nan sai mu saya."

Na ce masa, "Yaya, magariba fa."

Dole in bayyana wannan. Baba yakan bar wa wani maƙwabcinmu kiran la'asar in ta kama, don lokacin mutane suna gona da kasuwa. Magariba kuwa ba ya wasa da ita. Duk unguwa muryarsa ake jira, musamman tsofaffin da suke azumin Litinin da Alhamis, waɗanda ba sa kai ruwa baki sai sun ji shi. Ita kuma kokawa bayan la'asar ake fara ta, kuma manyan kaye sai rana ta yi ja. Duk wahalar tana cikin wannan ɗan tsakanin.

Yaya ya ce ya duba a waya, hanyar ba wata mai nisa ba ce, za mu dawo da wuri. Da wannan alkawari muka lallaɓa Baba ya shiga mota bayan azahar. Waya ba ta san ramukan hanyar Doguwa ba, ba ta kuma san cewa wani zai ajiye motarsa ya tare tamu a bakin fili ba. Mun tashi tun ƙananan 'yan wasa ne suke karawa, manyan ko riga ba su cire ba, amma duk da haka rana ta faɗi muna tsakanin Tudun Wada da gida. A bakin titi muka yi salla. Da muka iso aka gaya mana an daɗe ana jiran Baba kafin maƙwabcinmu ya yi kiran, kuma ranar Alhamis ce. Kokawar ba mu gani ba, magaribar ta wuce mu. Baba ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Kada wanda ya sake yi mini maganar kokawa." Ya shige.

Ranar na gaya wa Yaya maganganun da ƙane bai kamata ya gaya wa yayansa ba, kuma har yau ban ga wadda zan janye ba. Shi ya koma Kano, ni aka bari da tsoho wanda shirunsa ya ninka na da.

Na kwana biyu ina juya abin. Na gane ba yawan filaye ne zancen ba, kuma ba kyan fili ba. Zancen shi ne, daga wane fili ne mutum zai ga kayen ƙarshe, ya kuma iso masallacinmu kafin rana ta faɗi. Wannan kuwa ba wanda zai gaya mini, don duk wanda ka tambaya cewa zai yi "nan da can ne." Ga shi kuma ba zan auna da gudun da nake yi ni kaɗai ba. Baba in yana bayan babur, da ka ɗan murɗa sai ka ji ya damƙe maka riga yana salati. Tafiyarsa daban ce.

Sai na shiga ɗakin ajiya na ɗauko buhun masara, na rage shi har ya yi kusan nauyin Baba, na ɗaure a bayan babur. Duk garin da ake wasa sai in je da buhuna, in tsaya har a yi kayen ƙarshe, sannan in kamo hanyar gida a hankali, ina kauce wa rami, ina rage gudu a kwana, kamar dai tsohon ne a bayana. Ba na tsayawa ko'ina sai ƙofar masallaci.

Tudun Wada ba ta ba ni wahalar yanke hukunci ba, don na iso an idar da salla har mutane sun watse. Bebeji kuwa na iso da sauran rana. Kiru ce ta ba ni haushi, domin 'yan kokawarta suna da kyau, kuma na so ƙwarai ta shiga. Ina shigowa gari na jiyo muryar Baba ya riga ya fara kira. Na sake gwadawa ta wata 'yar hanya da aka ce ta fi kusa, ashe burtali ne, a daidai lokacin kuma shanun Fulani suke komawa ruga. Na tsaya ina kallon ƙahoni suna wucewa har hankalina ya gaya mini in haƙura da Kiru. Saura Tiga. Can filin yana kusa da ruwa, kuma akwai wasu giginyu a tsallake. Na lura in na tashi lokacin da rana ta sauko daidai kansu, ina isowa da sauran lokacin da mutum zai yi alwala a natse. Na maimaita don in tabbatar, ya kuma fito daidai.

Kafin nan gari ya ɗauka. Wasu suka ce masara nake talla ba ta sayuwa. Masu shayin bakin tasha in sun hango ni sai su ce a ba mai buhu hanya. Matata ma ta ce in ba so nake mu ci tuwon da ya zaga garuruwa huɗu ba, in dawo mata da masararta. Ban kula kowa ba.

Baba yana ganin duk abin nan, don kusan kullum a gabansa nake kafe babur. Ran nan bayan an idar da salla, ya tsaya kusa da babur ɗin ya daɗe yana kallon buhun.

"Wai kai wannan buhun na mene ne kake yawo da shi?"

Na ce, "Baba, ai kai ne."

Ya juyo ya dube ni. Na kwashe labari duka na gaya masa, da Tudun Wada, da shanun Kiru, da giginyun Tiga. Na ce masa filaye uku na samu waɗanda zai ga wasa har ƙarshe kuma magariba ba za ta kuɓuce masa ba, in kuwa ta kuɓuce ko sau ɗaya, ni da kaina zan yaga katin. Ya sa hannu ya ɗan ɗaga gefen buhun, ya sake shi.

"Na fi wannan nauyi," ya ce. "Ka rage da yawa."

Ya wuce gida. Ni kuwa na tsaya a wurin ina jin daɗi kamar an yi mini albishir, domin rabon da ya yi zancen da ba amsa gaisuwa ba har na manta.

Washegari na je na sayi ƙananan kati biyu, nawa da nasa. Mai sayarwa ya yi ta yabon babban, yana cewa wanda bai ga Doguwa ba bai ga kokawa ba. Na ce masa na ga Doguwa, ya rubuta mini Ƙofa da Bebeji da Tiga. Yaya da ya ji, ya ce na yi ƙaranta, ya kuma sayi babban don kansa. A iya sanina sau ɗaya ya shiga fili da shi a duk kakar.

Da na garinmu muka fara, don da ƙafa ma ana zuwa. Baba ya zauna a kujerar da na ɗauko masa, ya kalli wasa daga farko har ƙarshe, bai ce uffan ba. A Bebeji na ji yana gunaguni ƙasa-ƙasa, yana cewa wancan bai iya tsayuwa ba, wannan ya ba da ƙugunsa a banza. Duk ranar da muka fita, muna dawowa da sauran rana, ya yi alwalarsa ya yi kiransa. Sannu a hankali ya daina duban sama in muna fili. Amma a gida har yanzu shiru ne, kuma na fara tsoron ko iyakar abin da zan samu ke nan.

Ana cikin haka aka sa babban wasa a Tiga. Abin da Yaya bai lissafa ba shi ne, su ma manyan 'yan kokawar yawo suke yi. Ranar sai ga wani ƙato daga Doguwa, wanda aka ce tun farkon kaka bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wanda aka haɗa shi da shi a karon ƙarshe kuwa wani saurayi ne ɗan garinmu, manomi, siriri, wanda in ka gan shi ba za ka ba shi buhu ya ɗauka ba.

Suka kama juna, makaɗa suka saki ganga. Ƙaton ya yi ta neman ya ɗaga shi, saurayin yana zamewa. Aka raba su, aka sake haɗawa. Abu ya ƙi ƙarewa. Ni idona ɗaya yana fili, ɗaya yana kan giginyu, ga rana tana ta sauka. Ban san lokacin da Baba ya miƙe ba. Na dai ji wata murya a kaina, na ɗaga ido, sai na ga shi ne, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ƙasa! Yi ƙasa da jikinka! Kada ka ba shi ƙirji, ƙafar hagun za ka nema!"

Mutanen da ke kusa suka juyo suna kallon ladan yana ihu. Ko a jikinsa. Na ja gefen rigarsa na ce, "Baba, rana fa ta kusa."

"Ba kai ka auna ba? Akwai saura ko babu?"

Na dubi giginyu na ce, "Akwai kaɗan."

"To bar ni."

Ban sani ba ko saurayin ya ji shi a cikin wannan hayaniya, ni dai na ga ya sunkuya ya saƙalo ƙafar hagun, ya tura da kafaɗa. Ƙaton ya yi taga-taga ya zube da baya. Fili ya kaure. Rana kuwa tana zaune daidai kan giginyu.

Muka hau babur. Mutumin da yake damƙe mini riga, ranar shi ne yake dukan kafaɗata yana cewa in ƙara wuta. Ban ƙara ba, don na san abin da na auna. Tun daga Tiga har gida bakinsa bai rufu ba. Ya ba ni labarin wani kaye da ya yi a Kiru yana saurayi, da wanda aka yi masa a Bebeji wanda ya ce har gobe bai yarda da shi ba. Iska tana kwashe rabin maganar, ni kuwa ina ta cewa "to, Baba," hawaye suna zubo mini, ba na kuma jin kunyar faɗin haka.

Mun iso da sauran haske. Ya yi alwala a natse, ya shiga ya kama lasifika. Da ya buɗe baki sai murya ta fito a dishe, kamar ta wanda ya yini yana rabon faɗa a kasuwa. Haka ya ja kiran har ƙarshe, a kan lokaci, duk unguwa tana ji.

Bayan an idar, Liman, wanda abokinsa ne tun suna yara, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Ladan, mura ce ta kama ka?"

"Wace mura, Malam? Yaronmu ne ya kayar da na Doguwa. Tsaya ka ga yadda ya yi."

Kafin in ankara ya juyo ya kama ni. Na ɗauka kwatance kawai zai yi, don haka na tsaya sakaka ina murmushi. Sai na ji an saƙale mini ƙafar hagu, kafaɗa ta daki cikina, na ganni kwance a ƙasa a gaban jama'ar unguwa, hulata a gefe guda. Ni da 'ya'yana, ni da furfura a gemu. Liman ya riƙe bango, masu fitowa daga masallaci suka tsaya da takalma a hannu. Ban yi saurin tashi ba. Ina kwance ina kallon Baba a tsaye a kaina, yana dariya da disasshiyar muryarsa har yana tari.