Yadda kujerar tarakta ta kwantar da ni, na kuma tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa Sani mai tarakta ya bar gari, ban je ko'ina ba. Kwance nake.

Shekara da shekaru ina yi wa mutane huɗa a filayen noman rani na Bakolori, daga Mafara har Dakko. Ni gajere ne, taraktar kuwa an ƙera ta ne don dogayen mutane. Kafin in taka kuloci sai na zamo bakin kujera na miƙe ƙafa. Sifirin ɗin kujerar, ƙarfen nan mai rage girgiza, ya mutu tuntuni, duk kunyar da muka hau a ƙuguna take sauka. Ga waiwayen garma wuni guda.

Ciwon ya fara kamar gajiya. Ina shan ƙwaya, ina hawa.

Sai ƙafar hagu ta riƙa yin sanyi. Ran nan a gonar shinkafa na zo sauka, ƙafar ta ƙi ɗaukata, na faɗi cikin laka. A amalanke aka fitar da ni bakin titi.

Daga asibitin Mafara aka tura mu Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka sa ni cikin na'urar hoto mai ƙara kamar injin niƙa. Likita ya duba ya ce, "Malam Sani, faifan da ke tsakanin ƙashin bayanka ya zame ya danne jijiya. Sai aiki."

Na ce, "Likita, zan sake tafiya?"

Ya ce, "Za mu yi namu, kai ma ka yi naka."

Wallahi na ji tsoro. Shinkafar da muka aje ta ci, ita aka sayar don kuɗin aikin. Matata Hadiza ta ga ina hawaye ta ce, "Mi na na kuka, Malam? Shinkafa a sake nomawa. Kai fa?"

Aka yi aiki. Aka shiga gashin ƙashi, kullum da safe. Ranar da na saki sanda na taka daga gado zuwa ƙofa, inna ta rangaɗa guɗa har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Yau da ƙafata na je masallacin Juma'a. Na kuma koma aiki, amma sai da wani maƙeri a Bakura ya matso da kujerar gaba, ya sa sabon sifirin, ya ɗaura madubi don in rage waiwaye.

Alhamdu lillahi. Likitoci, masu gashi, manoman da suka yi ta zuwa gaishe ni, Allah ya saka da alheri. Hadiza, ke kam sai addu'a.

Direbobi 'yan uwana, a gyara kujera daidai tsawon mutum. A riƙa sauka ana miƙe baya. Ƙafa ta fara sanyi, a nufi asibiti, a bar ƙwayar kanti.

Tarakta tana da kayan gyara a kasuwa. Bayanka ba shi da su.