Yarjejeniyar da Na Rubuta a Kan Bindigar Baba

Ni na sayar da bindigar Baba. Har yau mutanen unguwarmu a Roni sun ɗauka shi ya sayar, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba.

Bindiga ce mai baki ɗaya, ba irin wadda maƙera ke haɗawa ba. Tana da lamba a jikin ƙarfenta, tana da ɗan littafin lasisi mai hoton Baba tun gemunsa yana baƙi. Saboda birai ya mallake ta. Gonarmu tana gindin dutse, in gyaɗa ta fara nuna sai su sauko garke guda su yi ta tono. Harbi ɗaya a sama yake yi, a samu lafiya kwana uku. Ban taɓa ganin ya kashe ko ɗaya ba.

Duk shekara da babbar riga yake zuwa sabunta lasisi, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Littafin yana cikin gwangwanin da yake ajiye takardun gona. Da na shiga sakandare sai gwangwanin ya dawo hannuna. Duk takardar boko da ta shigo gidanmu ni ke karanta masa. In abokansa sun kawo tasu yakan ce, "Ku bari 'yar boko ta dawo." Kaina yana kumbura in na ji haka, ba zan ɓoye ba.

Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Noma ya koma hannun Kawu, ƙanin Inna, bindiga ta zauna a kan ƙusa. Da lokacin sabuntawa ya yi Baba ya aike ni. Sau biyu ina hawa acaɓa zuwa Kazaure. Aka ce yanzu an tsaurara, sai takarda ta je hedikwata ta dawo, kuma sai mai lasisin ya zo da kansa. Mutumin da ko alwala sai an riƙe masa buta. Na dawo raina a ɓace.

"Baba, wai me za ka yi da ita? Ko cokali ba ka iya ɗagawa da hannun nan."

Haka na faɗa, a gaban Inna. Ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya ce a hankali, da harshensa da ya yi nauyi, "To a mayar musu. Ki kai ofis, su rubuta sun karɓa."

Ni kuwa na gaji da bencin ofis. A makon nan Kawu ya kawo wani abokinsa daga wajen Gwiwa, mai lambun tumatir, ya ce ana yi masa ɓarna yana son abin tsoratarwa. Mutum mai fara'a, yana ta yi wa Baba addu'a. Na ce a raina, ga wanda zai amfana da ita, me ya kawo ofis?

Na taɓa ganin yadda ake sayar da babur a gaban mai unguwa: a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, a miƙa wa mai saye takardun mashin. Haka na yi. Na yagi takarda daga tsakiyar littafina, na rubuta da Turanci, har da ja wa kanun layi biyu. Kawu ya sa hannu. Na miƙa wa mutumin littafin lasisi, na ɗauka da haka sunan ya tashi daga kanmu.

Saura yatsan Baba. Na shiga ɗakinsa da tawada.

"An je ofis ɗin?" ya tambaye ni.

"An gama komai, Baba. Wannan ce ta ƙarshe."

Babban yatsansa na dama ba ya motsi. Ni na kama shi, na shafa masa tawada, na danna a takardar. Yana da sanyi da laushi kamar ba nasa ba.

Damina biyu ta wuce. Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai aka yi sallama, 'yan sanda biyu tare da mai unguwa. An kama wasu da shanun sata can gaba da Babura, hanyar kan iyaka, an samu bindiga a wurinsu. An duba lambarta a rajista, sunan da ya fito na Baba ne. Ashe mai tumatir ya sayar wa wani, wancan ma ya sayar.

Ba su yi masa wulaƙanci ba. Amma sai da Kawu ya ɗauke shi cak ya sa a mota, duk layinmu suna tsaye a ƙofar gidajensu. Baba ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa tukuna.

A ofis na fito da yarjejeniyata da sauri, ina ganin ita za ta wanke mu. Jami'in ya karanta har ƙasa, ya ɗago.

"Turanci kam ya yi kyau. Sai dai bindiga ba babur ba ce. Wannan takarda ba ta cire sunan kowa ba, shaida ce kawai cewa an sayar ba da izini ba. Wa ya rubuta?"

Na tsaya ina kallon layi biyun da na ja wa kanun. Ni da ba a gama tambaya nake ba da amsa.

"Yatsan nawa ne, ɗana," in ji Baba. "Ni na sayar."

"Dattijo, hannun nan naka ne ya danna?"

"Nawa ne."

Jami'in ya dube ni. Na dubi ƙasa. Daƙiƙa nawa ce za ta ishe ni in ce ni ce, na yi wa Baba ƙarya? Ban ce ba.

Mai unguwa da Ticha, maƙwabcinmu Kirista da ya yi ritaya daga koyarwa, su suka tsaya masa. An yi makonni ana kai shi ana dawowa, har aka nemo mai tumatir ya amsa nasa laifin. Aka duba shekarun Baba da jikinsa, aka ja masa kunne aka bar shi. Amma a gari magana ta riga ta zauna: bindigarsa aka kama a hannun ɓarayin shanu. Dakalin ƙofar gidanmu da ke cika bayan la'asar ya koma mutum biyu, uku. Daga baya Baba ya ce a daina fitar da shi, wai iska tana damunsa.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu inda zan fara ba da haƙuri. Sau ɗaya na durƙusa na ce, "Baba, maganar takardar nan..." Ya ce, "Ya wuce. Tashi ki duba wa Innarki wuta."

Bara aka ba mu wata takarda a asibiti, ta canjin magani. Muna dawowa gida na miƙa hannu kamar yadda na saba. Ya ninke ta da hannun hagu, ya tura ƙarƙashin matashi.

"Bar ta," ya ce. "Ticha zai shigo anjima."

Gwangwanin ma yanzu a ɗakinsa yake.